Geron da Malam Ya Ɗauko Daga Disina

Satin da ya wuce aka faskara turmina. Ya daɗe da tsagewa, ba mai daka a cikinsa, sai kaza ce ke shiga ta yi ƙwai. Matar jikana ta zo ta durƙusa ta ce, "Iya, itace ya yi tsada, ko za ki bar mana shi?" Na ce su ɗauka. Ban zaci zai dame ni ba sai da na ji gatari ya sauka a kansa, na rufe fuska da mayafi ina kuka kamar an aiko mini da rasuwa. Shi ya sa na aika a kira ki, ke da kika san baƙi. Ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana, in kuma kuka ya tare ni ki jira ni.

A Azare ta da, turmi ne ke gaya wa mutum lokaci. Da hantsi za ki ji gida ɗaya ya fara, na kusa ya amsa, can unguwa ta ɗauka gaba ɗaya, har ki gane dakan wance da na wance, ki san wadda ta tashi da fushi da wadda mijinta ya dawo daga tafiya. Tsakanin dakan sai muryar Fulani masu nono, da kukan jakuna masu taiki suna wucewa kasuwa. Yanzu inji ne ke ihu tun safe, kuma muryar inji ɗaya ce. Ana kawo gari a leda, mai a leda, har yaji a leda, ba wanda ke tambayar daga ina. Ni kuwa na yi shekaru ba na ɗora tukunya sai na san gonar da abin cikinta ya fito. Ba don ƙwalisa ba, tsoro ne ya sa mu.

Ɗan farina ne mafarin abin. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, don kunyar ɗan fari, yanzu ma ba zan kira ba. Ya fara zuwa makarantar allo ke nan. Maigidana, Malam, Allah ya haskaka kabarinsa, tela ne a bakin kasuwa, shi ke yi mana cefane tunda ni ba na fita. Wata rana ya dawo da mai a galan, ya ce wata mota ce ta sauke a tasha, ya yi araha. Na soya ƙosai da shi, yaron ya ci ya ƙara. Kafin la'asar amai da gudawa suka kama shi, washegari aka kai shi makwancinsa. Mutane suka ce ciwon yana yawo a gari, ba man ba ne. Har yau ban sani ba. Malam dai ya sani a ransa, tunda da hannunsa ya sayo. A wurin zaman makoki ya ɗauki Alƙur'ani a gaban dattawa ya rantse cewa ba abin da zai ƙara shiga tukunyar gidansa sai abin da ƙasar Katagum ta haifa, wanda ya san hannun da ya noma shi. Aka ce ya ajiye, ba a rantsuwa cikin zafin rai. Ya riga ya faɗa. Ni ina ɗaki, ko kukan kirki ban samu na yi ba, don kada a ce ba ni da kunya.

Da aka share makoki na tambaye shi, "Malam, gishiri fa? A gonar wa ake noma shi?"

Ya ce, "Akwai manda. Mangawa maƙwabta ne, na san mai kawowa."

Haka muka koma baƙin gishirin nan mai ɗaci-ɗaci. Sukari ya fita daga gidan, sai mazarƙwaila ko zuma in an samu. Dunƙulen miya da mata suka fara yayi ban san ɗanɗanonsa ba, daddawa ce tawa, ita ma sai ta wata tsohuwa a bayan gidanmu da Malam ya san bishiyoyin ɗorawar da take samo kalwa. Tumatir in kakarsa ta yi sai in yanka in shanya a kan rufi, in ya ƙare miya ta zama baƙa har wata shekara. Man gyaɗa kuwa ni nake matsa abina. In soya gyaɗar, in murje, in daka, in yi ta juya tunkuza da ruwan zafi har kafaɗuna su mutu, kafin mai ya taso. Shinkafa sai ta fadamar kogin Jama'are, ja, mai tsakuwa, ki wuni kina rege ta. Malam kan rufe shago ya hau keke ya bi ƙauyuka, ya tsaya a bakin rumbu a auna masa yana gani. A kasuwa 'yan hatsi suka sa masa suna Mai Tambaya. In sun hango shi sai su ce, "Ga shi nan, a shirya sunan kakan dawar!" Ba ya kula su. Uwarsa ma, kafin ta rasu, takan ce ciki ba ya tambaya, mai cikin ne ke tambaya masa.

Ba duka wahala ba ce. Akwai Adda, Bafillatanar da ke kawo mana nono daga rugarsu. Malam jinin Barebari ne, saboda haka ba sa haɗuwa a ƙofa ba su taɓa juna ba.

"Adda, gaya mini gaskiya, wace saniya ce ta yi wannan nonon? Ko madarar gari kika dama?"

"Kai, bawana! Aradu ka ƙara faɗa sai na sayar da kai na sayi ɗan maraƙi. Kai da ba ka san gaban saniya da bayanta ba!"

"Wa zai saye ni a hannun wadda ba ta da gida sai bukka?"

Ina tankaɗe ina dariya. A irin waɗannan shekarun Allah ya ba mu Kande, mace bayan maza biyu, ɗayan ma bai yi kwana arba'in ba ya koma. Ita kaɗai ta rage mana. Da nonon Adda da kunun geronmu aka yaye ta, ta yi ɓul-ɓul, har na fara yarda cewa rantsuwar Malam katanga ce aka gina mana.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke, shuka ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya fitar da kai kamar yatsa. Ga ciwon bushiya ya faɗa wa shanu. Adda ta zo rana ɗaya ba ƙwarya a kanta, ta zauna a bakin murhuna ta yi ta kiran sunayen shanunta ɗaya bayan ɗaya. Malam ya shigo ya gan ta, bai tsokane ta ba, ita ma ba ta ɗaga kai ba. Daga ranar ban ƙara ganinta ba, aka ce sun yi kudu da abin da ya rage. Sautin daka ya ragu a unguwa. Gidan da kika saba ji da hantsi sai ki ji shiru, ki kasa tambaya.

Kada ki ɗauka kasuwa ta bushe. Akwai abinci. Manyan motoci na sauke masara daga kudu, da garin rogo, da wata jar dawa da aka ce daga ƙetaren teku take. Maƙwabta suna saya mudu-mudu suna rufa wa kansu asiri. Mu kaɗai ne abincin ke gabanmu ba mu da ikon taɓawa. Abin da ƙasarmu ta haifa ya ƙare, wanda ya rage masu shi sun toshe bakin rumbu. Malam zai fita da buhu a bayan keke ya yi Zadawa, ya yi ƙauyukan bakin kogi, ya dawo da abin da bai cika kwano ba. Na koma haɗa dusa da tafasa, ina dama kunun kanwa tsararo wanda za ki ga ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Mu manya muka ɗaure ciki. Kande kuwa, da ba ta daɗe da iya magana ba, ta daina wasa. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ta koma zama wuri ɗaya tana bin hannuna da ido.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Maman Saratu, Kirista ce daga kudancin Bauchi, mijinta ma'aikaci ne a ofishin gona. Mun saba, har wuta muke ɗebo wa juna. Wata rana ta shigo ta ɗauki Kande ta ɗora a cinya, ta danna babban yatsanta a kan ƙafar yarinyar. Da ta ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba.

"Maman Kande, kin ga wannan? Ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Na ga irinsa a garinmu."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da gwangwanin madarar gari, cikin rabon da ake yi wa ma'aikata. Ta ce, "Ki dama mata a kunu. Ba sai ya sani ba."

Na riƙe gwangwanin. In na ba ta, na karya rantsuwar da aka yi da Alƙur'ani, wa ya san abin da zai faɗo a kan yarinyar? In kuma abin da ke ciki irin na galan ɗin nan ne fa? In na hana ta, ga ramin yatsa a ƙafarta ina gani. Na jira Malam ya dawo na nuna masa gwangwanin, na nuna masa ƙafar.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Na binne ɗaya saboda abin da ban san asalinsa ba. Kina so in binne ta biyu?"

Na ce, "Malam, yunwa ma tana binnewa."

"Mayar mata da abinta, ki yi mata godiya. Gobe zan je Disina. Akwai aminin babana, tun ina yaro nake cin geron gonarsa. Ba zai bar ni in dawo hannu sake ba."

Ya tafi da asuba, ya kwana can, ya dawo washegari da hantsi, ƙafafunsa fari fat da ƙura, fuskarsa kuwa a sake, na rabu da ganin ta haka. Ya kwance ƙullin da ke bayan keke ya zuba mini a faifai. Gero ne tsaba, manyan ƙwaya, ba tsakuwa, ba ko ƙwaro ɗaya. A bazarar fari, geron da ƙwaro bai taɓa ba! Na ɗebo na bar shi yana zuba ta tsakanin yatsuna ina hamdala. Akwai wani ɗan wari-wari, na ce na rumbu ne. Malam ya shafa kan Kande ya ce, "Yau za ki sha kunu mai kauri, uwata." Ya wanke ƙafa ya tafi shago.

Na zuba a turmi na yayyafa ruwa na fara surfe. Rabon da a ji taɓaryata da ƙarfi haka an daɗe, har Maman Saratu ta leƙo ta katanga ta ce, "A'a, yau biki ake?" Kande ta rarrafo ta zauna a gindin turmin. Na bakace, na wanke geron, na tsiyaye ƙasarin a kwatanniya. Kin san ba a zubar da ƙasari, ruwan wankin gero na dabbobi ne. Muna da akuya guda da ta rage, ƙashi da fata, na haɗa mata da dusar na kai mata. Ta kafa kai ta shanye tas. Na koma na daka, na tankaɗe, na juya baya ina hura wuta da ɗanyen kara, hayaƙi ya cika mini ido.

Ruwan kunu ya fara tafasa ke nan na ji wani irin kuka daga turke, wanda ban taɓa jin akuya ta yi ba. Na juya na gan ta a ƙasa tana shure-shure, wuyanta ya sandare baya, kumfa na fita daga bakinta. Na ƙwala ihu. Maman Saratu ta shigo da gudu, ta dubi akuyar, ta dubi kwatanniya, ta ɗebi sauran geron ta kai hanci.

"Wayyo Yesu! Geron iri ne wannan! Wanda ake cuɗawa da hoda kafin shuka. Wa ya ci?"

Na ce ba kowa, ban ko dama ba. Sai muka juya tare muka dubi Kande. Tana zaune inda na bar ta, hannunta a dunƙule. Na buɗe tafin, ga jiƙaƙƙun ƙwayoyin da suka zubo daga turmi ta tsince. A gefen bakinta akwai fari-fari.

Na durƙusa na ce, "Kande, kin ci?"

Ta gyaɗa kai.

"Ba ki ci ba, ko?"

Ta sake gyaɗa kai.

"Ki gaya mini, uwata, kin sa a baki?"

Ta dube ni ta ce, "Kunu."

Ke mai rubutu, tsaya kaɗan.

Ban san lokacin da na fita titi ba mayafi ba takalmi ba, ni da ban taɓa taka ƙofar gida da rana ba sai da dalili. Maman Saratu ce ta goya ta. Muna gudu ina leƙa fuskar yarinyar, in ta lumshe ido in girgiza ta, in ta buɗe in duba ko wuyanta ya fara sandarewa. Akuyar nake gani a gabana duk hanyar. A asibiti suka karɓe ta suka shiga da ita, suka bar mu a baranda. Wani ya kai wa Malam labari, ya iso da tsinken allura a jikin rigarsa. Ya tsuguna ya jingina da bango yana faɗa a hankali, "Na san gonar. Wallahi na san gonar."

Daga baya muka ji yadda aka yi. Tsohon nan na Disina ba shi da ko tsaba a rumbu sai irin da ya ajiye don damina mai zuwa, wanda ya riga ya cuɗa da maganin da aka raba musu. Ɗan amininsa ya zo masa da maganar yarinya ba lafiya, ya ji kunyar ya ce babu. Ya shanya geron a rana, ya sheƙe shi, a ganinsa rana da iska sun kwashe maganin. Shukarsa ta baɗi ya ɗauka ya ba mu, ko kwabo bai karɓa ba.

Aka kira azahar muna nan. Can wata ma'aikaciya babba ta fito, mai tabarau, ta ce ina uban yarinya. Malam ya miƙe.

Ta ce, "Abin da ta haɗiya kaɗan ne, mun fitar, za mu riƙe ta mu gani. Amma Malam, ba shi nake tsoro ba. Yarinyar nan yunwa ke cin ta. In aka mayar da ita gida kan abin da take ci, ba za ta ga kaka ba. Madara take so, da ƙwai, da abinci mai nauyi, ko daga ina ya fito."

Malam ya ce, "Akwai rantsuwa a kaina."

Ta ce, "Wannan tsakaninka da malamanku ne. Ni ƙafarta na duba."

Ya juya ya fita. Na ɗauka fushi ya yi. Ashe wurin limamin unguwarmu ya tafi, wanda yana cikin dattawan da suka ce ya ajiye Alƙur'anin tun ranar. Liman ya ce masa wanda ya yi rantsuwa ya ga abin da ya fi ta alheri, ya yi kaffara ya bi alherin, tunda kuwa ba shi da abin ciyar da miskinai goma, azumi uku ya isar masa. Daga can ya wuce gidan Maman Saratu, ya yi sallama a ƙofa, shi da kansa ya roƙi gwangwanin da ya sa na mayar.

Ya shigo ɗakin da aka kwantar da Kande da shi a ƙarƙashin riga, kamar wanda ya sato. Aka ba mu ruwan zafi. Na miƙa hannu in dama, ya hana ni. Shi ya dama a kofi. Kande ta ji ƙamshi ta ɗago tana miƙo hannu. Sai ya kai kofin bakinsa ya kurɓa, ya kurɓa kuma, ya rufe sauran da tafinsa ya zauna a ƙasa.

Na ce, "Malam, ba ta mana, tana kuka."

Ya ce, "Bari mu ga abin da zai yi mini tukuna."

Haka muka zauna. Yarinya na kuka, ni ina kallon wuyansa, shi yana kallon bango yana motsa baki. Duk tarin da ya yi sai gabana ya faɗi. Madarar ta huce, aka kira la'asar. Ya miƙe ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya murza idanunsa, ya buɗe hannuwansa ya dube su. Sannan ya ɗauke ta ya ɗora a cinya, ya yi bisimilla, ya ba ta cokali na farko. Ta ƙwace kofin da hannu biyu.

Kafin ruwan sama ya sake sauka kumburin ya saɓe, gashinta ya fara baƙi. Masarar kudu ta shiga turmina, garin rogo ya shiga ƙwaryata. Amma tsoron bai bar Malam ba, wurin zama kawai ya sake. Daga ranar ba abin da Kande za ta kai baki, na gida ko na waje, sai ya fara ɗanɗanawa ya jira. Ta girma tana yi masa tsiya, tana cewa Baba ya fi kowa kwaɗayi. Ta yi aure ta haihu, ya koma yi wa 'ya'yanta.

A ciwon ajalinsa ya kwana biyu ba ya karɓar komai, ko ruwa sai an ɗiga masa. Kande ta zo jinya da ƙaramar 'yarta. Na dama wa yarinyar kunu na miƙa mata a gefen gadonsa. Sai na ga hannunsa ya fito daga cikin bargo yana lalube. Na ɗauka salati yake so a tuna masa, na sunkuya. Ya ce, "Kawo in fara."